Ciwon Taɓe-taɓe: Yadda Na Kai Ƙafafuna Gaban Babur

Ina da wani ciwo da na daɗe ina ɓoyewa, amma tunda mutanen zango sun gama yayata shi, gara in faɗa da bakina kafin a ƙara wa zancen gishiri. Ba na iya barin abu mai lafiya ya zauna lafiya. In dai ƙarfe ne, yana sheƙi, mai shago kuma ya ce mini, "Alhaji, wannan ya fi na kamfani," to hannuna ya riga ya shiga aljihu tun hankalina bai iso wurin ba. Ba na shan taba, ba na caca, goro ma sai an ba ni. Duk ɓarnar da Allah ya tsare ni daga gare ta, sai na tattara na juye ta a kan babur.

Abin da ya ƙara wa lamarin kunya shi ne sana'ata. Albasa nake sayarwa, da wake in lokacinsa ya zo. Ina zaune a Garkin Ugwuoba, kan babbar hanyar da ta haɗa Inugu da Anaca, inda tireloli ke sauke shanu da kaya daga Arewa. Daga nan nake ɗaure buhu a bayan babur in bi kasuwannin ƙauye, waɗanda ke ci bisa kwanakin Ibo guda huɗu: Eke, Orie, Afo da Nkwo. A kan albasa ba a cutata. Ina duban bakin buhu na san abin da ke gindinsa. In na matsa guda ɗaya zan gaya maka ko ta Aliero ce, ko ta sha ruwa a hanya, ko an cire ta ba ta ƙosa ba. Matan Ibo, waɗanda ba a fi su iya ciniki ba, sun san ba a kai ni ƙasa a kan naira hamsin. Amma wannan mutumin dai, da ya sa ƙafa a layin masu kayan babur, sai wayonsa ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ya fito.

Babur ɗin kansa ba shi da laifin komai. Boxer ce, ta kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, irin wadda ta cika ƙasar nan daga Maiduguri har bakin teku. Injinta si-si 100, giya huɗu, ba ta shan mai, ba ta ƙorafi. Ka ɗora mata buhu biyu ta ɗauka, ka bi da ita cikin jar laka ta bi. Mai hankali in ya samu irinta, sai ya riƙa canja mata baƙin mai a kan kari, ya ɗaure sarƙa, ya gode wa Allah. Ni kuwa tun ranar da na kawo ta gida nake kallonta ina ganin abin da ya rage.

Da ƙananan abubuwa na fara, waɗanda ba sa kashe kowa. Hon mai kukan mota. Madubi dogo da ba ya nuna komai sai kafaɗata. Rigar sirdi mai geza. Fitilu shuɗi da ja a ƙarƙashin tanki, waɗanda suka shanye batir har hon ɗin ya koma kukan ɗan tsako. Uwargida tana gani tana yin shiru, don a lissafinta namijin da ke kwana yana goge babur ya fi wanda ba a san inda yake kwana ba.

Mai irin ciwona bai kamata ya zauna kusa da Nnewi ba. Daga Anaca ba wata tafiya ba ce, kuma kasuwar Nkwo da ke can ita ce uwar kayan babur a ƙasar nan. Daga cikinta dillalan Kano da Kaduna da yawa ke saro kaya. A nan Innocent Chukwuma ya fara da cinikin kayan babur, kafin ya kai ga kafa Innoson mai haɗa motoci. Yaran shagunan shekaru suke yi suna bauta wa ubangida kafin a sallame su da jari, saboda haka yaro ɗan shekara goma sha biyar zai kalli noti ɗaya ya gaya maka babur ɗin da ya fito daga jikinsa. Wana yana Anaca, wajen Bridge Head, kuma duk lokacin da na ce wa iyali zan je gaishe shi, rabin gaskiya na faɗa. Gaisuwar ba ta wuce tsawon shan shayi. Sauran yinin a Nnewi yake ƙarewa.

Ranar da ciwon ya sauka zuwa ƙafa, ranar ya fara cin nama. Ƙarfen giyar Boxer baki biyu gare shi, ɗaya a gaba na yatsu, ɗaya a baya na diddige. Ta kowane ɓangare takawa kake yi, ba sai ka cusa ƙafa a ƙasa ka ɗaga ba. Tsohuwar dabara ce, Honda ta sa irinta a ƙaramin baburinta Super Cub tun 1958, kuma ba wanda ta yi wa rana kamar mai yawo da silifas. Ni kuwa sai na ga abin ya yi ƙauyanci. Na cire shi na sa wani fari tas mai baki ɗaya, irin na 'yan tsere, wanda sai ka sa bayan ƙafa ka ɗaga. Masu tsere takalmin fata suke sawa har ƙwauri. Ni silifas ɗin roba nake sawa, rani da damina. Ba a jima ba bayan babban yatsana ya saluɓe, kuma ba inda za ka ɓoye irin wannan rauni a zango, domin sau biyar a rana kake tuɓe takalmi a gaban jama'a. Wajen alwala wani dattijo ya duba ya ce, "Malam, me ya cije ka?" Na ce ƙarfe ne. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ya aka yi ƙarfen ya same ka?" Ban iya ce masa da kuɗina na sayo shi ba.

Da a nan na tsaya, da labarin bai kai a rubuta ba. Sai tafiya ta kama ni zuwa Fatakwal, wurin surukina da ke kasa kaya a kasuwar Oil Mill ranar Laraba. Muna tsaye a bakin titin Aba sai ga wani bawan Allah a kan wani ƙaton babur baƙi, ƙararsa tana girgiza ƙirji. Ba ƙarar ce ta tafi da ni ba, zamansa ne. Ya jingina baya, hannuwa a sama, ƙafafu a miƙe can gaba kusa da tayar gaba, giya da birki duk an kai masa su can. Ko kallon mutane ba ya yi. Wani yaro ya ce Harley-Davidson ce, ta Amurka. Surukina ya ce, "Allah ya ba mu na halal," ya ci gaba da zancen farashin wake. Ni kuwa ban ƙara jin abin da yake faɗa ba. Har na dawo gida ƙafafun mutumin nan nake gani.

Ko kaɗan ban tsaya na yi lissafin da ko ɗan firamare zai yi ba. Irin waɗancan babura injinsu kan haura si-si 1,000, akwai doguwar tazara tsakanin tayoyinsu, sirdinsu a ƙasa yake, an kuma yi su ne domin shimfiɗaɗɗen titi wanda za ka yi awa guda ba ka taɓa giya ba. Tawa kuwa aikinta hawa tudu da buhu. Ban kuma tambayi kaina wa zai gan ni ba. Fatakwal ta hana acaɓa tun zamanin Gwamna Amaechi, Inugu ta bi sahu a 2012 zamanin Sullivan Chime, Anaca da Awka kuma a 2018 zamanin Willie Obiano. Duk manyan titunan da mutum zai yi taƙama a kansu, mai ƙaramin babur da buhu a baya ba ya kusantarsu sai yana waige-waige. Masu kallona su ne awaki, da 'yan makaranta, da matan da ke dawowa daga gona.

Dole in yi wa mai shagon da ya sayar mini da kayan adalci. Ya yi zaman Sabon Gari a Kano, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Da na nuna masa abin da nake so a rataye, matakai biyu masu sheƙi da sanduna da gaɓoɓi, sai ya ce, "Alhaji, wane mashin gare ka?" Na ce Boxer. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba na Boxer ba ne. Ba zai zauna ba sai an yi walda, kuma ko an yi, ba za ka ji daɗinsa ba." A ciniki na san wannan salo, ni ma ina yi wa mai sayen albasa: ka nuna masa kamar abin ya fi ƙarfinsa, sai ya nace. Saboda haka na ɗauka dabara ce, na ce a raina yau ka haɗu da ɗan kasuwa. Ashe mutumin gaskiya yake faɗa tsakaninsa da Allah. Na biya ko tayi ban yi ba. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na lura a wannan layi in kana tambayar farashi kawai, Aboki ne sunanka, in ka fito da kuɗi ka zama Alhaji. Ranar na sha Alhaji har na ƙoshi.

Bakanikena mutumin Zariya ne, ya girme ni, ya daɗe a kurmi. Ya zazzage kayan a ƙasa, ya juya su da ƙafa, ya ce, "Malam, zauna in nuna maka abu." Ya nuna mini ƙarfen giya: a kan wata 'yar sanda mai haƙora da ta fito daga cikin inji yake zaune, noti ɗaya ya matse shi. Ka taka, giya ta ji nan take, ba ɗan aike a tsakani. Ya zagaya dama ya nuna mini birki: daga mataki sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya har tayar baya, da noti a ƙarshenta na ɗaurewa da sassautawa, da ɗan sifirin da ke kunna jar fitila. Ya ce matakin yana bukatar wasa kaɗan, santimita 2 zuwa 3, kafin ya kama. In ya fi haka birki ya makara, in bai kai ba taya ta yi zafi. "To kai yanzu so kake a kai su gaba. Dole a ƙara sanda, a ƙara gaɓa. Kowace gaɓa da nata lako-lakon. Yau kaɗan, gobe ƙura da ruwa su shiga, jibi ka taka ka ji wayam. Ni ba zan sa hannuna ba." Na ce masa ai zamani ya canja. Ya ce, "Zamani ya canja, amma gangara ba ta canja ba."

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na ɗauki babur a bayan mota zuwa Coal Camp a Inugu, unguwar masu kayan mota da maƙera, inda ba a rasa wanda zai haɗa maka ƙarfe da ƙarfe in dai za ka biya. Mai waldar da na samu bai yi mini wa'azi ba. Abin da na ce shi ya yi, ya kuma yi shi da kyau. Ya liƙa matakan a jikin ƙarfen gad na gaba, ya ja sanduna zuwa baya, ya goge, ya karɓi kuɗinsa. Babur ta fito tana walƙiya. Na tsaya ina kallonta, wallahi har da 'yar ƙwalla.

Abu na farko da na gano shi ne giya ta juye. Ɗan hannun da aka ɗaura a kan sandar mai haƙora, in ya kalli sama giya ta tafi wata fuska, in ya kalli ƙasa ta tafi ɗaya fuskar. Nawa kuwa ba inda zai samu wuri sai ta fuskar da ba ita ba. Inda na saba takawa in ƙara, yanzu ragewa yake yi. Tsofaffin da suka hau baburan Ingila irin su BSA da Triumph suna ba da labarin lokacin da giya take dama, birki a hagu. Sai da Amurka ta kafa doka cewa daga 1975 duk sabon babur da za a sayar a ƙasarta giya a hagu, birki a dama, kowa ya daidaita. Hikimar ita ce ƙafa ta haddace aikinta, domin ranar da akuya ta faɗo titi ba lokacin tunani. Abin da duniya ta daidaita a kai, ni na wargaza shi da yamma ɗaya.

Firi kuma ta ɓace. In na tsaya sai in yi ta lalube, daga ɗaya in faɗa biyu, daga biyu in koma ɗaya, hannuna ya ƙage a kan kuloci. Sabuwar sandar birki ta bi ta gaban kik, sai na karkata ƙafa kafin in tayar da inji, rabin bugun kuma a ƙwaurina yake ƙarewa. Jar fitilar baya ta kama ci dare da rana, don an ja sifirin ɗinta fiye da kima. Iska kuwa, da yake ƙafafu a miƙe suke, ta bakin wando take shiga ta cika riga, yaran ƙauye su biyo ni da ihu. Ni a zatona sha'awa ce.

Mafi tsanani shi ne baya. Duk wanda ya taso a ƙasar da ake hawan sallah ya san inda likkafa take: daidai ƙarƙashin mahayi, domin in doki ya zabura ya miƙe a kanta, gwiwa ta shanye girgizar. Ba a taɓa ganin wanda ya kai likkafa wuyan doki ba. Matakin babur aikinsa ke nan. In ka hango rami sai ka ɗan ɗaga daga sirdi, ƙafa ta ɗauki nauyi. Da na kai nawa gaba, ba abin da zan tsaya a kai. Kowane rami na hanyoyin nan, waɗanda ruwan damina mai tsawo ke zaizayewa, ta ƙashin bayana yake wucewa har ƙeya. Da dare uwargida tana shafa mini man zafi tana cewa, "Baban yara, albasar ce ta ƙara nauyi?" Na ce ƙwarai, bana manya ce.

Ƙarshen taƙamar ya zo ne wata ranar kasuwar Afo, bayan an kwana ana ruwa. Ina gangarowa wani tudu da buhu a baya, jar laka tana santsi, sai na taka birki na ji ya tafi har ƙasa. Doguwar sandar nan ta lanƙwashe maimakon ta ja. Na ce bari in rage giya inji ya riƙe ni, ƙafa kuwa ta yi abin da ta haddace tun shekaru, sai ta ƙara. Na damƙi birkin gaba, taya ta zame. Ni da babur da buhu muka bar hanya muka shiga gonar rogo, kowa ya kama gabansa. Allah ya kiyaye, ban karye ba. Albasa kuwa ta bi gangara, ba ta tsaya ba sai a rafi. Tsohuwar mai gonar ta fito, ta dube ni a kwance, ta dubi rogonta, ta fara tambayar lafiyata tukuna, sannan ta ƙirga abin da na karya. Na biya, nan ma ban yi tayi ba. Jikokinta suka taya ni tsintar albasa, na bar musu wadda ta fashe.

Ina jinyar ƙugu na samu lokacin tambayar kaina abin da ke damuna, domin wauta kaɗai ba ta isa ta bayyana shi ba. Ga abin da na gano, ban kuma ce uzuri ba ne. Mu da ke neman abinci a kurmi, rayuwarmu duk ta aike ce. Ɗakin haya ƙarami, abinci daidai ƙoshi, duk abin da aka samu a tura gida a sa bulo a kan bulo, a gidan da sai da sallah ake ganinsa. A nan kuma duk sunanmu ɗaya. Mai shanu Aboki, mai canji Aboki, mai gyaran takalmi Aboki, mai digiri ma in ya sa hula Aboki. Babur ɗinmu ma iri ɗaya ne, in an jera su a ƙofar masallaci sai ka duba lamba. To ni so nake in wuce a ce ga wane. Mutanenmu sun yi fice a ƙasar nan tun kafin a haife ni: Malam Umaru Altine, bafatake mai shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ya zama magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'ar mutanen gari. Shi da hali da iya zama da jama'a aka san shi. Ni kuma na nemi a san ni da matakin ƙafa. An kuwa san ni. Har yau a ƙauyen nan in aka ce mai albasar da ya faɗa rogo, ba a tambayar wanne.

Na mayar da babur wurin bakanike ina sunkuyar da kai. Bai ce ai na gaya maka ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya yanke walda, ya sa sabon gad, ya mayar da matakai inda kamfani ya sa su. Sai ga wata ɓarnar da ban sani ba: lako-lakon gaɓoɓin nan ya cinye haƙoran sandar giya, sai da aka buɗe gefen inji aka canja ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu hankali rage kashe kuɗi suke yi. Ni na biya kuɗin lalatawa, na biya na gyarawa, na biya rogo, na yi asarar albasa, duk don in dawo daidai inda na tashi.

Kada a ce na ce duk canji haramun ne. Akwai dogon mutum da gwiwarsa ke dukan hannun babur, shi gyara ya kama shi. Akwai faffaɗan matakin baya da ake sa wa mata da yara don kada ƙafa ko zane su shiga taya, wannan alheri ne. A Kano masu lalurar shan inna suna ƙera babura masu ƙafa uku da ake sarrafawa da hannu, suna neman abincinsu da su. Duk waɗannan bukata ce ta kai su. Bakanikena ya ce tambaya ɗaya ce ke raba gyara da ɓarna: me ke damunka da wanda ke jiki? In ka iya faɗa, a gyara. In ka tsaya kame-kame, ka mayar da kuɗinka aljihu. Ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa birki, ya gwada shi a fili da kaya a baya kafin ya tunkari tudu.

Zan so in ce na warke, amma ƙarya ba ta da kyau ga mai furfura. Har yanzu in na ga abu yana sheƙi a rataye sai zuciyata ta buga. Abin da na iya kawai shi ne na daina yarda da kaina. Yanzu in babur tana son wani abu, ba na shiga kasuwa ni kaɗai. Bakanike ke raka ni, kuɗin a aljihunsa, shi ke magana, ni ina bayansa ina kallon ƙasa. In mai shago ya ce "Alhaji, zo ka ga wani sabo," sai ya amsa masa da cewa Alhajin ba shi da lafiya. Kuɗin motarsa da na abincinsa da ladan yininsa duk a kaina suke, har na yi wa uwargida ƙorafi cewa abin ya yi tsada. Ta ce, "Baban yara, biya ka yi shiru. Tun da ka sayi mashin ɗin nan ba ka taɓa sa masa abu mai araha kamar mutumin nan ba."